Girgijen da Ba Ya Zubarwa

Bana na ƙara wa igiya kamu uku.
Guga ya sauka, ya dawo min da ƙarar dutse.
Da can a ce rijiya ta bayar, guga ya hana;
nawa gugan bai hana kowa ba,
rijiyar ce aka riga mu daga ƙasa.

Bayan gonar marigayi Nicanor, kan hanyar Keretaro,
inda wake ke hawa karan masara,
yanzu wani dogon gini ne, fari, ko taga babu.
Ranar buɗe shi sun zo da lemo da huluna,
wani saurayi mai takalmi fes ya riƙe makirufo:
“Doña Otilia, a nan girgije zai zauna,
a nan ƙirƙirarriyar basira za ta koyi maganin kansa,
ta koya wa duniya tattalin ruwa.”
Na tafa. Hular ma tana nan, kaza ke ƙwai a ciki.

Shekarata saba'in da ɗaya ina kallon girgije.
Na san mai alkawari, na san mai cikawa.
Ban taɓa ganin wanda ke sha daga ƙasa
ya hana sama ba.

Da dare yana gurnani, karnuka sun gaji da amsa masa.
Wutarmu takan ɗauke, tasa ba ta ƙyaftawa.
Tankar ruwa Talata take zuwa,
in ta ga dama.

Jikana Eusebio shi ke gadin ƙofarsu,
albashinsa ne ke saya mana jarka shida a mako,
don haka bakina da nauyi.
Ya ce ciki sanyi kamar coci da asuba,
injuna jere, kowanne da zazzaɓinsa,
ruwanmu ne tsumman da ake ɗora musu a goshi.

Jiya ya miƙo min waya: “Kaka, tambaye ta komai.”
Na ce ta faɗa min ina ruwan rijiyata ya tafi.
Ta amsa da ladabi, ba ko gargada,
ta ce in rage wanka,
in riƙa tarar ruwan sama.

Na ce a gode mata.
Sai na tambayi yaron, a hankali, kar ta ji:
wannan amsar, kofi nawa ta sha?