Ɓarawon Dare a Paysandú

Da magariba ta ƙoshi da wuta,
da asuba sai ka ce an tatse ta.
Na murɗa makulli: ƙyat. Ƙyat. Shiru.
Fijon babana, ƙirar sittin da bakwai,
takan kwanta lafiya, ta tashi ba numfashi,
mako na uku ke nan.

Na zargi batir, na kai shi kanti,
na dawo da sabo, rabin kuɗin hayata.
Kwana biyu ya yi yana fankama,
a na uku ya bi sawun na da.
Na zargi sanyin Yuli mai tasowa daga kogi,
na lulluɓe bonet da bargon gadona.
Na zargi dainamo. Na zargi bel.
Har yaran maƙwabta sun sha harara.

Sai tsoho Wilmar ya tsallako titi,
ƙoƙon mate a hannu, fulas a hammata,
ya ce, "Azucena, rijiya ba ta da laifi.
Nemi mai jefa guga bayan kin yi barci."

Ya sa na kashe komai, na zare makulli,
na rufe ƙofa huɗu.
Sifana lamba goma. Na kwance baƙar waya,
koren gishiri ya zubo mini a yatsu.
Ya miƙo kwan fitila mai jela biyu,
ɗaya a kan batir, ɗaya a wayar da na cire.
"In barci take yi da gaske, ba zai kama ba."

Ya kama.
Ja-ja, kamar garwashi a ƙarƙashin toka,
amma ya kama.

"To, sai fis, ɗaya bayan ɗaya.
Mai gaggawa yakan saki ɓarawo ya kama baƙo."
Na zare na farko, kwan bai ko ƙifta ba.
Na biyu, na hon da waifa, haka nan.
Na uku na rediyo ne,
inda babana kan yi faɗa da alƙalin wasa
kowace Lahadi, shi kaɗai, a cikin gareji.
Na so a ce shi ne. Ba shi ba ne.
Na huɗu na fita, kwan ya mutu.

Me ke sha daga na huɗu?
Agogo, wanda ya tsaya tun ina makaranta.
Fitilar rufi, ga ta a kashe.
Muka bi waya da yatsa har ta shige duhu.
Wilmar ya zuƙe sauran mate, ya ce,
"Mayar da komai. Ɓarawon dare
sai dare."

Sha ɗaya ta wuce, na shiga na zauna,
na ja ƙofa, na kashe tocila.
Warin tsohuwar kujera, warin tabar Heber.
Idona ya saba da duhu a hankali,
sai ga wani siririn zare na haske
a leɓen ƙaramin akwatin gaba.

Na buɗe.
Gidan tabaraunsa ne ya tokare murfi,
murfi bai danna maɓalli ba.
Ni na cusa shi a nan da hannuna
ranar da asibiti suka ba ni kayansa a leda,
na kasa shiga da shi gida.
Tun daga ranar ƙaramin kwan ke ci,
yana haska wa tabarau takardun inshora,
ba mai karatu.

Na ɗauke. Na tura murfi. Ƙas.

Da asuba murɗa ɗaya ta amsa,
har karen Wilmar ya yi haushi.
Yanzu kanti na nufa, in roƙi tsohon batir,
wanda babana ya rubuta wa kwanan wata da fenti.
Ban sani ba ko sun riga sun fasa shi.