Murfin Lagireto a Hanyar Potosi

A kwana ta tara motar Nicanor ta yi tari,
tururi ya turnuƙe gilashi.
Wara ta leƙo daga tsakanin buhunan dankali:
"Baba, sanyi na yankan kunne,
me ya tafasa ruwan?"

Ya naɗe hannu da tsumma, ya jira.
Ba a buɗe wa mai fushi baki.
Ashe robar murfin ce ta tsage.

"Nan sama iska ba ta da nauyi.
Ruwan da ba a danne ba, da wuri yake tashi.
Shi ya sa waken kakarki
ke wuni a wuta bai nuna ba."

Suka zauna bakin kwalta.
Injin na ƙas-ƙas,
yana raba wa duwatsu zafinsa.