Zoɓon Goggo Dudu

A Dadin Kowa, can bayan madatsar ruwa,
akwai 'yar gona, taki arba'in in ka auna,
jar ƙasa mai tsakuwa, da ƙyar fartanya ke shigarta.
Nan kaɗai Goggo Dudu ke shuka yakuwarta.
Ta fadama? Ta ce ganye ne da girman kai,
ruwa ya sangarta ta, ba ta san wuya ba.

Ba a tsinka sai an kwana goma ba hadari.
Ba wuƙa, farce ne da yatsa,
har hannu ya koma kamar na mai yankan rago.
A shanya kan falalen dutse kwana biyar,
ba kan leda ba, ba bakin kwalta ba
inda tirela ke yi masa turaren hayaƙi.

Mudu ɗaya, tulu ɗaya.
Kanumfari bakwai, a tafinta take ƙirgawa.
Citta kamar kan babban yatsa.
Kwana yake a ruwa, ba ya ganin wuta.
Ranar da na zuba garin kala na kanti
don in ƙara kwalabe shida,
ta ɗanɗana, ba ta ce uffan ba,
ta ɗauki tulun ta shayar da gindin gwanda.
"Sayar da naki in kin so," ta ce washegari,
"amma kar ki kira shi da sunan gonata."

Bappayo, jikanta mai tsinkar inabi a Italiya,
ya bugo waya, ya ce can ma haka suke:
ƙauyen bai kai Hinna ba, amma sun rubuta a takarda
wane tudu, wane iri, wata nawa a ganga
kafin jar giyarsu ta ci sunan garin.
Goggo ta yi dariya har ɗankwali ya zame:
"Sai an rubuta musu? Ina harshensu ya tafi?"

Ja ne mai duhu, hasken fitila ba ya ratsa shi.
Kurɓin farko tsami ya riƙe maka muƙamuƙi,
na biyu ka ji ƙasar, ka ji tsakuwar,
zaƙin sai can baya, kamar gaisuwar mai kunya.

Bana ni na shuka, idon Goggo ya tafi.
Na miƙa mata kofi, na tsaya ina kallon bakinta.
Ta juya shi a harshe, ta haɗiye.
"Kanumfari takwas," in ji ta.

Takwas ɗin ne kuwa.