Muryar Mai Korar Janbaki

Kwana goma sha ɗaya ina kan rumfa
a fadamar Auyo, shinkafa ta fara nono,
janbaki na saukowa kamar hadarin gabas.
Na ja igiyar gwangwanaye har tafina ya yi kanta,
na yi "Haa! Haa!" har haa ɗin ta ƙare.
Ran na sha biyu na buɗe baki,
sai iska kawai,
irin ta zugazugin da ɓera ya huda.

Na koma gida ina zance da hannu.
Yara na dariya a bayan rumbu,
akuya ma ta raina ni,
ta ci dusar kaji tana kallon idona.

Gwaggo Lantana ba ta ce sannu ba.
Kwalla ta buɗe, ta ciro ƙullin tsumma,
ga wasu 'yan saiwoyi kamar asuwaki,
bayansu ƙasa-ƙasa, cikinsu rawaya.
"Irkusus ne. Ba ya fita a gonarmu,
daga Kurmi aka yo mini tsarabarsa."
Ta daddaka biyu a gindin turmi,
ta zuba a buta, ta iza kara,
ta bar shi yana magana da wuta.

Na nuna mata gwangwanin sukari.
Ta ce, "Ajiye. Da guzurinsa ya zo."

Kurɓar farko ƙamshin ƙasa ce bayan yayyafi.
Zaƙin sai da na haɗiye ya iso,
baƙon da ke sallama bayan ya zauna.
Ya bi maƙogwarona a hankali
yadda ruwa ke bin tsagar laka
ranar da aka buɗe madatsa.
Tarin da ya kafe ya saki,
ƙwannafin goro da rashin karin kumallo
ya kwanta, ni ma na kwanta.

Da yamma Malam Hudu ya leƙo da kofinsa,
ƙamshi ya tsallaka masa danga.
Gwaggo ta dafe murfin buta:
"Kai da ake ɗaura wa awo a dantse duk Laraba?
Wannan yana tunzura hawan jini, koma ga zoɓonka."
Ta juya ga Sabuwa, mai wata bakwai:
"Ke ma kau da ido sai kin sauka."
Ni kuma ta ɗaga mini yatsa ɗaya:
"Kofi guda, 'yan kwanaki, ka bari.
Zuma ce, ga zaƙi ga harbi.
In mako ya wuce ba ka warke ba,
asibiti na nan bakin titi."

Asuba ta uku na yi gyaran murya,
sai na ji wani mutum a ƙirjina,
dasasshe, amma nawa.
Ban fara da gaisuwa ba.
Akuyar na daka wa tsawa, ta watsar da kwano.

Na tarar Ɗanliti ya yi iya yinsa,
tsuntsu ya aske kusurwar yamma.
Na hau rumfa, na cika huhu,
na sake "Haa!" ɗaya tak,
gona ta tashi sama baƙi ƙirin.

Guntun saiwar na cikin aljihuna.
Ban taɓa shi ba tukun,
akwai sauran kwana tara kafin yanka.