Minti Biyar a Esterhazy

Shekara goma sha tara ina buɗe ƙofar nan,
ƙofar akurkin da ake tsare ƙarti
in sun manta da faifan roba, sun bi zuciya.
Kujerata tana tsakanin benci biyu.
Ga agogo, ga biro,
ga shayin da ya huce tun zagayen farko.

Daren Juma'a ne, sanyi talatin ƙasa da sifiri,
motoci a waje an jona su da wuta kada inji ya daskare.
Saura minti shida a tafi hutu na biyu
Dwayne Hrycan ya zubar da safar hannu.
Ba wanda ya ji faɗuwarsu,
amma zauren nan kaf ya miƙe tsaye.

Baƙo zai ce alƙali ya yi sake.
Gaetan Beaulieu, mai sayar da magani da rana,
ya busa usur sau ɗaya, ya ja da baya,
idonsa yana tattara shaida:
wa ya fara tuɓe safa,
wa ya taho daga nesa da tsokana a ransa,
wa ya ƙara naushi bayan abokin faɗa ya kai ƙasa.
Masu layi biyu suna kewayawa
kamar masu jiran tukunya ta tafasa,
suna ture sanduna gefe da ƙafa.
Ba a kutsawa tsakanin maza masu wuƙa a tafin takalmi
sai an gaji, ko gwiwa ta taɓa ƙanƙara.

Kafin ta taɓa, sai ga Colby,
ƙanin Dwayne, ko gemu bai tara ba.
Ya ga jini a haɓar wansa,
ya ɗane bayan Arvid Lindqvist.
Na rufe ido.
A wannan gida faɗa na mutum biyu ne,
na uku ya shiga sharo ba shanu.

Gaetan ya zo tagata, numfashinsa na hayaƙi,
ya dunƙule hannu biyu a gaban ƙirji don na nesa su gani.
Ashirin da biyu, biyar na faɗa.
Lamba huɗu, biyar na faɗa,
biyu na tsokana, goma na rashin ɗa'a.
Yaron kuwa ya je ya yi wanka, nasa wasan ya ƙare.
Ya faɗa da muryar da yake cewa
a sha ƙwaya biyu bayan abinci.

'Yan kallo suka zage shi har kakanni.
Mai shebur ya kankare jan tabon,
ya zuba ruwa, wurin ya koma fari.

Minti biyar na nan ba irin na gida ba ne.
Duk busa sai agogo ya tsaya,
gumi ya sandare a wuyan mutum,
fushi ya rasa abin ci.
Arvid a damana da tawul a gira,
Dwayne a haguna yana lissafin haƙora da harshe.
Ran Litinin keji ɗaya zai sauke su ramin kanwa,
kafaɗa da kafaɗa, fitila a goshi.

Arvid ne ya fara magana, ta saman kaina:
ƙanenka yana da nauyi.
Dwayne ya tofar da ja a bokiti,
ya ce, abincin tsohuwarmu ne.

Na buɗe wa Arvid da lokacinsa ya cika.
Dwayne na da sauran zama mai tsawo.
Bai kalli wasan ba.
Ƙofar can ta ƙarshen fili yake kallo,
inda yaron ya fito da jiƙaƙƙen gashi,
jaka a kafaɗa, ya rasa inda zai tsaya.

Marlys, ya ce da ni,
aika a gaya masa mukullin mota na aljihun rigata.
Ya kunna hita, ya jira ni.