Madubi Mai Gwiwar Hannu

Daga Legas ya iso cikin kwali,
an naɗe shi da soso kamar ƙwai.
Na kwance shi a shagona na Rijiyar Ɗorowa
ranar da zafi ya sa kwalta gumi.

Farko akwai maƙalli, baƙin ƙarfe,
ya ciji leɓen tebur, ba ya saki.
A kansa ginshiƙi ya miƙe,
daga ginshiƙi hannu ya fito:
kafaɗa, gwiwa, wuyan hannu,
gaɓa uku, kowace da nata noti.
Cikin damtsen an ɓoye sifirin,
shi ke dakon nauyi ba a ganinsa.
Tura shi da yatsa guda, ya bi ka.
Sake shi, ya tsaya inda ka bar shi
kamar raƙumin da ya san mai shi.

Kan kuwa ido biyu gare shi,
a buɗa su, a matse su,
sai sun dace da tazarar naka.
Haske ya sauko daga zoben fitila,
ya bugi allon waya, ya komo,
ya shiga gilashin ƙasa a kife,
wasu gilasai masu kusurwa a ciki
su birkita shi, su miƙa maka a tsaye.
Murɗa wannan kunne, abu ya matso.
Murɗa wancan, dishi-dishi ya washe.

Sai ga gari a bisa tafin hannu:
lunguna na tagulla, gidaje a jere,
ɗigon dalma ya zama tulu,
ƙwayar yashi ta tare hanya kamar dutsi.

Babana Arzika, shekara arba'in
yana gyaran agogo gindin bedi,
gilashi guda maƙale a ido,
har idon ya ja da baya, agogo ya bar yayi.
Yanzu benci ne nasa a bakin shago,
da rediyo, da goro, da shiru.
Ya dubi madubin sau ɗaya ya ce,
"Ƙarfe da gwiwa? To, Allah shi kyauta."

Wata Laraba Inna Ige ta zo daga Mabera,
wayarta ta faɗa randa.
Ba wayar ce ta dame ta ba, in ji ta,
muryar autanta ce a ciki,
saƙon ƙarshe kafin hanya ta ci shi.

Na buɗe, na leƙa, na ga ciwon:
jijiya guda ta tsinke,
silin gashi ya fi ta kauri.
Sau uku ina kai bakin ƙarfe,
sau uku hannuna yana rawa.
Madubi ba ya ƙara girman abu kaɗai,
har tsoronka yana ninkawa.

"Hannunka na ɓari awa mai masassara.
Turo min wanga abu nan."

Ban ɗaga komai ba.
Na ja kan, kafaɗa ta juya,
gwiwa ta buɗe, wuya ya sunkuya,
ya tsallake tebur ya tsaya gabansa
kamar ɗan da ya zo gaisuwa.

Ya matse idanun, ya murɗa kunne.
Ya daɗe bai ce uffan ba.
Sannan, can ƙasa-ƙasa:
"Ashe suna nan. Nisa suka ƙara."

Hayaƙin dalma ya tashi siriri.
Hannun bai motsa ba ko kaɗan
sai iyakar inda aka aike shi.
Allo ya kawo haske.
Inna Ige ta kanga waya a kunne,
ta juya mana baya,
mu ma muka ba titi ido.

Tun ranar nan ban da sakat.
Kullum na buɗe shago da safe
sai in tarar an sauya tazarar idanun,
an sauke kan daidai tsawon wani,
gwiwar da ke ɗan kuka jiya
tana ƙanshin man agogo.