Mai Katse Mini Hanzari

Silimarmu ta Tawa ba ta da rufi.
Bango ne aka shafe da farar ƙasa,
benci goma sha shida, saura kan tabarmi,
taurari na leƙe ba su biya ko dala ba.

Ni ke juya inji.
Gwangwanayen fim na zuwa daga Yamai
a kamiyon da ya kai albasa ya juyo wofi,
shi ya sa duk soyayyar Amirka da na haska
warin albasa take mini har yau.

Gari ya fi son na Indiya da na harbe-harbe.
Sai ran Talata, da ciniki ya mutu, nake sa nawa:
tsofaffi, baƙi da fari, sun sha hannu,
mace da hula a karkace, ubanta ya tara,
namiji da kwat, aljihu sai iska,
suna zuba kamar ƙanƙara bisa kwano,
wannan bai dire ba, waccan ta ɗauka.
Ta shiga ta taga, ya fice ta ƙofa,
ya rantse ya tsane ta, ya koma ɗauko mata takalmi.

Arzika tafinta na tsaye gefen bango
yana kwashe Faransanci yana juyewa a Hausa,
zufa har ƙugu.
Ya ce, "Jama'a, zagi ne, amma irin na so."
Wani dare ya yar da hula:
"Ku ji da kanku, ni baki guda gare ni!"

Daren da na haɗa faifai baibai
aka ɗaura aure tun ango bai san sunan amarya ba,
bayan biki suka haɗu a tasha, baƙin juna.
Ba wanda ya lura, sai wata murya daga benci na uku:
"Kai mai inji, haka ake yi a garinku?"
Na ce, "A garinmu in an biya tike shiru ake yi."
Ta ce, "Na kallo na biya. Na shirun nawa ne?"

Sahiya ke nan, ɗiyar Alhaji Nomau mai kamiyon.

Ran gaisuwa na aro babbar riga wadda ta fi ni,
na taka bakinta, na kife cikin buhunan uban.
Ya dube ni, ya dubi albasa na gangara ƙofa,
ya ce, "Wannan ne?"
Ta ce daga bayan zana, "Baba, shi ya rage."

Shekara arba'in da ɗaya
ban taɓa kai zance gaɓa ba.
In ce "Ruwan bana..." ta ce "Bai kai na bara ba."
In ce "Ai dama..." ta ce "Ba haka za ka ce ba."
Maƙwabta sun zo sulhu sau uku,
sau uku suka tarar muna cin tuwo kwano guda,
muna gardama kan wa ya fara.

Yanzu siminti ake sayarwa a silimar.
Bangon na nan, an rubuta farashi a kai.
Jikata ta nemo mini irin finafinan a waya,
mutanen sun ƙanƙance kamar ƙudaje,
bakinsu dai bai mutu ba.
Na kalli rabi, na kife wayar.

Tun watan azumi da aka kai Sahiya
nake fara magana in kai ƙarshenta,
ba mai tare ni.
Ashe ƙarshen maganata ba komai a ciki.

Jiya da magariba, a tsakar gida,
na ce da ƙarfi, da gangan,
"A benci na biyar kike zaune."
Na saurara.
Akuya ce kawai ta ɗago kai.